Littafin Girkin Da Ya Sha Mai

Ni na fara gano wannan abu, kafin duk wani mai digiri ya gano shi, kuma ina so a rubuta a ajiye saboda masu satar fasaha: duk littafin girkin da kuka gani fes yana ƙyalli, maƙaryaci ne. Ba a taɓa dafa ko ruwan zafi da shi ba. Na gaskiya shi ne wanda ya sha mai, ya sha tururi, shafukansa suka manne har sai an sa wuƙa an raba su. Ni ban san ko bihim ba, ban taɓa zama a aji ba, amma na tsufa a kan sitiyarin babbar mota, kuma duk garin da na sauka ban taɓa tambayar kowa ina ne ake abinci mai kyau ba. Bencin ƙofar gidan abincin nake dubawa. In ya goge ya yi santsi saboda zaman mutane, sai in kashe mota. In sabo ne dal da fentinsa, sai in ƙara wuta. Haka littafi yake.

Ga sababbin shiga da ba su san da wa suke magana ba: ni ne Baba Direba. Mota ta taɓa kifewa da ni a kan gada, na fito ta taga ina kaɗe rigata. Ciwo ya taɓa kwantar da ni har likita ya ce a kira dangi, yau ga ni, likitan ne ya riga ni tafiya. Wannan ma da kuke karantawa magana nake yi waya tana rubutawa, 'yata Auta tana gyara inda wayar ta yi shirme, kuma na gargaɗe ta kada ta taɓa wuraren da na caccake ta.

Uwar yarana ta rasu shekarun baya, Allah ya jiƙan ta. Tun daga nan burodi da shayi da soyayyen ƙwai suka zama abokan zamana, kuma ban mutu ba. Amma babban ɗana, Injiniya, ya sa ni gaba wai in rufe gidana in koma wurinsa. Ya ware mini ɗaki a ƙasa, jikin inda injin wankinsu yake kwana yana gurnani. Ni da na kwana a dazuzzuka da ƙarfen ɗaga taya a ƙarƙashin kaina, wai yau ni za a ajiye kusa da injin wanki kamar tsohon bokiti, matarsa tana auna mini gishiri da ɗan cokali.

Ni kuwa ina da nawa shirin, kuma shirin yana zaune a shagon tsofaffin littattafai da ke kwanar layinmu, tsakanin mai gyaran waya da kantin magani.

Mai Littafi ake ce mata, ni ina ce mata Hajiya. Mijinta ya rasu. Doguwa ce, ba ta da hayaniya, kullum da mayafi ruwan toka da zoben azurfa ɗaya a ɗan yatsa, hannun rigarta a naɗe saboda ƙurar takarda. In ta ɗago ta kalle ka sai ka ji kamar an tsayar da kai a shingen bincike ba ka da takardun mota. Na daɗe ina zuwa shagon nan wai shan iskar fanka, har ranar da na gyara murya na faɗa mata abin da ke tafe da ni.

Ba ta ma daina goge littafin da ke hannunta ba.

"Direba, tsakaninka da Allah, mata kake nema ko kuku?"

"Haba Hajiya, wace irin magana ce wannan?"

"Irin wadda ka ji. 'Ya'yanka sun ce ba ka cin abincin kirki, shi ne ka tuna da ni."

"Wallahi tun kafin su buɗe baki nake..."

"Saurara. Duk ƙuruciyata na ƙarar da ita haka: in rufe shagon nan da yamma, in shiga gida, in ajiye jaka, ko zama ban yi ba in hau murhu, namiji yana kishingiɗe yana karkaɗa ƙafa yana tambaya ko ba a gama ba. Na yi na gama. Wanda zai aure ni yanzu, in na rufe shago in tarar da abinci a kan tebur. Ba na ranar baƙi ba. Na Litinin, na Talata, na ranar da kowa ya gaji."

Sai na ji wata 'yar dariya ta hanci daga bayan kantar littattafai. Na manta ban gabatar muku da shi ba, don ba ya cikin abubuwan da nake son tunawa. Malam Tabarau, tsohon akawu. Kullum yana kan farar kujerar roba a gindin fanka, wando da kari kamar reza, hankici a ninke a aljihu, takalmi yana ƙyalli don ba ya zuwa ko'ina da shi. Wai taya ta jiran shago yake yi. Mutumin da ko kwali ɗaya ban taɓa ganin ya ɗaga mata ba.

Ya ce, "Ai girki ilimi ne, Direba. Ni a gida ina da littattafan girki kanta guda cur."

Na ce, "Shi ya sa kake da wuya kamar na zakaran da aka fige. Littattafan kake ci?"

Hajiya ta juya baya tana gyara kantar littattafai, amma na ga kafaɗarta tana rawa. Na ce a raina, an ci rabin tafiya.

Daga nan na shiga neman littafin da zai fisshe ni. Masu karatu, ashe duniya ta lalace ban sani ba.

Na fara da waya, don Auta ta ce komai yana ciki. Yara ne masu farce zaƙo-zaƙo a kicin kamar ɗakin tiyata, suna ihu wai abinci cikin minti goma. Ka duba da kyau, albasa a yanke take, nama a wanke, tukunya ta riga ta yi zafi. Wa ya yanka albasar? Aljani? Ni ina tsaye da wuƙa hawaye yana zuba, yarinyar ta riga ta cinye tana lumshe ido tana cewa a danna mata alamar so. Na danna mata tsaki na kashe.

Sai matar Injiniya ta ji labari ta aiko mini da wani sabon littafi, nauyinsa ya kai batirin mota. Hotuna kamar a lashe takardar. Na ɗauki shafi ɗaya a waya na tura wa Auta, don ita ce idona. Ma'aikaciyar jinya ce, in ta sami sarari a asibiti sai ta karanta mini da murya ta turo. Saƙonta ya shigo:

"Baba, wannan sai da injin markaɗe, da ma'auni, da wani irin ganye da ni ma ban taɓa jin sunansa ba. Kuma a jiƙa naman tun jiya."

Na tura mata: "Tun jiya? Yau nake jin yunwa."

"To haka aka rubuta. Baba, don Allah ka koma gidan Yaya kawai ka huta."

Na je wurin mai kayan miya na kunna masa sunan ganyen. Ya saurara, ya sake saurara, ya ce ko maganin basir ne. Littafin yanzu yana ƙarƙashin ƙafar firjina, wadda dama take ɗingishi. A nan ya fi amfani.

Har babban kantin littattafai na cikin gari na je, mai ƙofar gilashi da ke buɗe kanta. Sanyi kamar ɗakin ajiye gawa. Wata yarinya mai katin suna a ƙirji ta kai ni wurin na girki, jere reras, kowanne da hoton wani ƙato yana murmushi da farar riga wadda ko ɗigon miya babu. Na ɗauko ɗaya na shinshina. Warin gam. Na ɗauko wani. Warin gam.

Ta ce, "Baba, wannan shi aka fi saye."

Na ce, "'Yata, ke kin taɓa dafa wani abu daga ciki?"

Ta yi dariya. "Ni ai ta waya nake odar abinci."

Na ajiye mata kayanta na ce Allah ya ba da kasuwa. Mai sayar da taya da bai taɓa hawa mota ba.

A hanyar dawowa ne abin ya faɗo mini, wannan da na faɗa muku a farko. Ba sabo zan nema ba, wanda ya sha wuya zan nema. Kuma ina ake samun tsohon littafi in ba a shagon Hajiya ba?

Na tarar ba ta nan, ta je asibitin ido. Tabarau ne a kan kujerarsa yana wa shagon gadi da jarida a fuska. Ban ko yi masa sallama mai kyau ba na shiga bin kanta ina shinshinawa. Duk na kan kantar tsaf suke, irin waɗanda aka ba amare kyauta suka ajiye har suka tsufa. Sai idona ya faɗa kan wani kwali a ƙarƙashin teburin ciniki, cike da yagaggun mujallu da kalandar shekarun baya. Na tsuguna na tona. Can ƙasa na ji hannuna ya taɓa wani abu mai danƙo.

Jama'a, in kun ga littafin nan! Ƙarami ne, bangonsa ya ci wuta a baya, zagayen gindin tukunya ya fito rangaɗaɗau. Gefensa ya yi baƙi saboda yatsu. Ƙamshin tsohuwar albasa yake yi. Ina ɗora shi a tafin hannuna ya buɗe da kansa a wani shafi da mai ya jiƙa har kana hango yatsanka ta bayan takardar. Hoton kaza da dankali a tukunya ɗaya. Na ce, yawwa, ga bencin da ya goge.

Tabarau ya sauke jarida. Ya kalli littafin, ya kalle ni, ya gyara zaman tabaraunsa.

"Wannan kake so, Direba?"

"Ina ruwanka?"

"A'a, babu. Kwalin zubarwa ne ai, ɗauka kawai." Sai ya yi wani murmushi da leɓe ɗaya. "Ka iya zaɓe. Wallahi ka iya zaɓe."

Na ɗauka hassada ce ke cin sa. Na sa littafina a aljihu na fita ina taku ɗaiɗai.

Da yamma na tura wa Auta hoton shafin.

"Baba, babban yatsanka ka ɗauka."

Na sake.

"Yanzu kuma silin ne da fanka."

Na sake, na haɗa mata da gargaɗi. Sai ga muryarta, ana jin ƙarar keken marasa lafiya a bayanta: kaza, dankali, albasa, tafarnuwa, lemun tsami, mai, gishiri. Shi ke nan. Duk abin da ta lissafa akwai shi a layinmu, ba sai na nemi biza ba. Tukunya ɗaya, murfi ɗaya, wuta ƙasa-ƙasa.

Ta ƙara wani saƙon: "Akwai rubutun fensir a gefe. An ce a ninka albasar. An ce a cire fatar kazar, ba ya so. An ce kada a sa barkono ko kaɗan, ba ya so."

Na ce, "Wane ne ba ya so?"

"Ina zan sani, Baba? Mai littafin ce ta rubuta."

Na ce ko ma wane ne, an yi masa hidima, kuma hidimar ta zo hannun mai rabo.

Gwajin farko na ƙone gindin tukunya, laifin murhun ne. Na biyu dankalin ya yi gardama. Na uku kuwa, maƙwabcina tela ya leƙo ta katanga ya ce wa na aura ba a gaya musu ba. Na cika masa faranti na miƙa, ya dawo da shi kamar an wanke. Na kira Hajiya a waya.

"Ranar Litinin in kin rufe shago, kada ki biya ko'ina. Abinci yana kan tebur."

Ta ce, "Auta za ta kasance?"

"Za ta kasance."

"To Allah ya kai mu."

Ranar na share falo har ƙarƙashin kujeru. Na fito da farantan uwar yara masu bakin zinariya daga cikin kabad, waɗanda ko Injiniya bai taɓa cin abinci a cikinsu ba. Na shimfiɗa wa tebur farin ƙyalle, na sa kofuna uku, na ɗauke tsohon batir da jarkar man inji da suka daɗe a bayan ƙofa. Na yi wanka na sa rigata ruwan ƙasa mai aiki a wuya, na fesa turare har tela ya yi atishawa a gidansa. Ina cikin ɗaura agogo saƙon muryar Injiniya ya shigo: "Baba, an gama fentin ɗakinka, shuɗi muka sa." Na tura masa da murya: "Ka zuba kaji a ciki."

Auta ta zo da kayan aikinta a jiki, ta buɗe tukunya, ta rufe, ta kalle ni kamar yau ta fara ganina. Yabon uba dai yana yi wa yaran yanzu wuya.

Rana ta yi sanyi sai ga sallamar Hajiya. Ta canza mayafi, ta sa mai ruwan ganye, har da 'yan kunne. Na lura, don ni ba makaho ba ne. Ta cire takalmi, ta sa ƙafa ɗaya a falo, sai ta tsaya cak. Hancinta ya motsa. Murmushin da ta shigo da shi ya zame kamar an goge da tsumma.

Na ce, "Bismillah Hajiya, ƙamshi ne ya tare ki? Ai kaɗan kika ji."

Ta zauna a bakin kujera, jaka a kan cinya. Auta ta zuba mata. Ta kalli farantin ta daɗe. Ta sa cokali ta juya cinyar kazar.

"Ka cire fatar."

"Na cire."

"Babu barkono."

"Ko ƙwaya."

"Direba, wa ya koya maka wannan?"

Dama jira nake a tambaye ni. Na gyara zama na zayyana mata komai, tun daga bencin gidan abinci har warin gam, da yarinyar da ke odar abinci ta waya. Na ce duk masu boko sun bi ƙyalli sun ɓata, ni da ban yi aji ɗaya ba na bi maiƙo na dace. Na tashi na ɗauko littafin daga kicin na ajiye a gabanta kamar mai ajiye lasisi a gaban ɗan sanda.

Ba ta buɗe ba. Ta juya bayansa, ta ɗora yatsa a kan zagayen ƙunar nan, ta bi shi a hankali har ta zagayo.

"Ƙaramar tukunyata ce wannan," ta ce. "Mai hannu ɗaya."

Auta ta ajiye cokali.

"Littafina ne, Direba. Ni na jefa shi a kwalin nan da hannuna. Na daɗe ina son in jefar, ban iya ba sai kwanan nan." Ta buɗe, ya faɗa shafin da ya saba. "Wannan abincin marigayi ne. Ba ya cin wani abu da yamma sai shi. In na canza, ya ture faranti ya juya wa bango fuska. In na bar fata ko ƙanƙanuwa, ya ɗaga ta da cokali ya nuna mini, ba magana. Ban taɓa jin sannu ba. Kai ka ga mai a takarda ka ce shaida ce. Ni kuwa tsayuwar da na yi a kansa nake gani, da ƙafa a kumbure, mayafin shago ma ban cire ba."

Firji na ta ƙugi a kan littafin surukata. Auta ta zuba mini ido irin na ka-ga-abin-da-ka-jawo. Ni kuwa fuskar Tabarau kawai nake gani, da murmushin nan na leɓe ɗaya. Yana zaune a gindin fanka ranar da ta jefa shi a kwali, ya gani da tabaraunsa. Ya bar ni na ɗauki garwashi na sa a aljihu, har da ce mini na iya zaɓe. Tsohon banza mai wuyan zakara.

Na ce, "Hajiya, wancan munafukin akawun ya sani, ya..."

"Na san ya sani. Tsakanina da shi daban. Yanzu da kai nake."

Ta ɗebi cokali ɗaya ta kai baki. Ta tauna a hankali, ta haɗiye, ta ajiye cokalin a gefen faranti.

"Ya yi daidai," ta ce. "Ko ni iyakar abin da zan yi ke nan. Shi ne abin haushin."

Kun dai ji da kunnenku. Ya yi daidai. Duk wanda zai ba da labarin nan a wani wuri kada ya tsallake wannan. Littafin bai yi ƙarya ba, hancina bai yi ƙarya ba. Ba a taɓa gaya mini cewa abinci yana iya yin daidai a tukunya ya ƙi zama a tebur ba, kuma wannan ba a rubuce yake a littafin kowa ba, har kanta gudan Tabarau.

Na zaci tashi za ta yi. Auta ma ta fara laluben takalminta da ido don ta raka ta. Sai Hajiya ta jawo littafin, ta lashi yatsa, ta shiga buɗawa. Ta wuce masu maiƙo, ta wuce masu ɗigo-ɗigo, ta kai can wajen ƙarshe inda takardun suke fari tas kamar ba littafi ɗaya ba. Ta tsaya a wani shafi, ta danne shi da tafin hannu don ƙin buɗuwa yake yi, ta turo mini.

"Saboda wannan shafin na sayi littafin, ina amarya. Ban taɓa dafa shi ba ko sau ɗaya. Ya ce ba a shigar masa da ƙarni gida."

Na leƙa. Kifi ne. Guda, da kansa da jelarsa, kwance a kan yankakken tumatir da lemun tsami, ido a buɗe yana kallona.

Na ce, "Hajiya, shafin nan ba a gwada shi ba. Dubi, ko ɗigo babu. Ba wanda zai iya rantsuwa a kansa."

"To a gwada a kaina."

"Akwai na wake a nan baya, na ga ya ɗan sha mai..."

"Direba." Ta miƙe ta gyara mayafi. "Na ci na wani har na tsufa. Ranar Alhamis in na rufe shago zan biyo. In na tarar da wannan a kan tebur, za ka ji amsarka kafin in wanke hannu. In ban tarar ba, ka gaishe da Injiniya, ka ce shuɗi yana da kyau."

Wato har labarin fentin ya kai mata. Na kalli Auta, Auta ta kalli silin.

A bakin ƙofa tana sa takalmi ta ƙara da cewa, ba tare da ta juyo ba, "Malam Tabarau ya ce yana da littafi guda na kifi zalla. Mai hotuna."

Tana fita Auta ta faɗi a kan kujera tana dariya har da riƙe ciki.

"Baba! Kifi! Kai da in za ka kasuwa sai ka zagaya ta bayan masu katako don kada ka bi ta layin masu kifi!"

Bari in gaya muku da bakina kafin wani ya ƙara gishiri. Ina kan ganiyata na taɓa ɗauko kifi cike da mota mai sanyi, injin sanyin ya mutu a tsakiyar daji, a tsakiyar zafi, mota kuma ta ƙi tashi. Kwanaki ina gadin kayan mutane. Ungulu suka yi mini rumfa. Direbobi suna wucewa da hanci a toshe suna danna mini ham na ta'aziyya. Da na dawo gida, uwar yara ta ƙona kayan jikina a tsakar gida, ni kuma ta ajiye mini sabulu da bokiti a waje har mako ya zagayo. Da wani ne, da ya gudu ya bar motar. Ni ban gudu ba. Amma tun daga ranar na yi rantsuwa tsakanina da kifi sai dai a lahira, kuma ban karya ba, ko a gidan suruki.

Auta ta share hawaye ta ce, "In kira Yaya in ce ya sa labule?"

Na ce, "Ki ajiye wayarki ki karanta mini shafin nan. A hankali. In da rubutun fensir ki faɗa."

Ta duba. "Babu ko ɗaya, Baba. Kai kaɗai ne."

Yau da safe na shafa man zafi a ƙofar hancina, na naɗe fuska da rawani kamar mai zuwa fashi, na shiga layin masu kifi da ƙafata. Mai kifin ya ce wanne nake so, na nuna masa hoton, na ce irin wannan, mai irin wannan kallon. Yanzu haka yana cikin firjina a kan farantin uwar yara. Na buɗe sau ɗaya mun haɗa ido na rufe. Tela ya leƙo ya ce lafiya ya ji ina zagin wani a kicin, na ce tsohuwar gaba ce, ba ruwansa.

Na san akwai masu dariya a cikinku. Injiniya yana can yana auna labule, Tabarau yana can yana lasar yatsa yana buɗe hotuna. To ni gada ba ta ci ni ba, likita bai binne ni ba, mota guda ta ruɓe a kaina ban bar sitiyari ba. Duk wanda ya ce kifi ɗaya tal zai kai ni ɗakin injin wanki, ya zo ranar Alhamis da yamma ya tsaya a bakin tagata ya buɗe hancinsa da kyau. Kada ya wahalar da kansa ya zo da cokali. Na mutum biyu ne.